Iyafis marar waya da wasannin kiɗa: me ya sa sauti yake zuwa a makare?

Abba Rijiyar Zaki: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu buga wasannin kiɗa ku agaza min. Na sayi iyafis marar waya, sautinsa garau, ba ni da ƙorafi a kansa idan ina kallon YouTube ko TikTok. Amma da na shiga wasan kiɗan nan Arcaea sai komai ya dagule. Ina taɓa allo daidai kan kiɗan da nake ji, wasan yana ce min na makara. Waƙar da nake gamawa lafiya lau da lasifikar waya, yanzu ko rabi ba na kaiwa kombo (jerin taɓawa ba kuskure) ya tsinke. Jabu aka sayar min ne, ko wayar ce ta gaji?

Nura FC: Wa alaikumus salam. Kai dai Abba ba ka rabo da neman wahala. Ƙato da kai ka zauna kana tsinken allo kamar mai tsintar shinkafa. Ka zo gidan gem da yamma in zura maka biyar, ka ga ba ruwanka da makara.

Abba Rijiyar Zaki: Nura bari zolaya, da gaske nake.

Injiniya Sadiq: Wa alaikumus salam Abba. Ba jabu ba ne, wayarka ma lafiyarta ƙalau. Haka Bluetooth yake tun asali. Kafin sauti ya bar waya sai an matse shi tukuna, yawanci da tsarin da ake kira SBC ko AAC, a yanka shi ƙulli-ƙulli a aika ta iska. Shi kuma iyafis ba ya sakin na farko da ya iso, sai ya tara wasu a ajiye, don idan ɗaya ya ɓata a hanya kada ka ji waƙa tana tsinkewa. Wannan tarawar ita ce take cin lokaci. A iyafis na gama-gari jinkirin yakan kai milisakan 150 zuwa 250, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa.

Ka taɓa hango mai faskare daga nesa? Za ka ga gatari ya sauka, sai daga baya ƙarar ta iso kunnenka. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, saboda haka jinkirin milisakan 200 daidai yake da ka tsaya mita saba'in daga mai faskaren. A nan ka tsaya kake son ka yi tafi tare da shi.

Abba Rijiyar Zaki: To Injiniya me ya sa a YouTube bakin mutum yake tafiya daidai da maganarsa?

Injiniya Sadiq: Saboda manhajar bidiyo ta san abin da zai zo gaba. Sai ta riƙe hoton kaɗan har sautin ya cim masa, kai ba ka sani ba. Wasa kuwa bai san lokacin da za ka taɓa allo ba, balle ya jira ka.

Nura FC: Kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa fa aka ce. Wannan har wani abu ne? Kafin ka ƙifta ido ya wuce.

Injiniya Sadiq: A ƙwallo ba wani abu ba ne, don idonka ne yake aiki, ihun 'yan kallo da surutun mai sharhi ko sun makara ba abin da ya dame ka. A wasan kiɗa kuwa lissafin daban ne. Ɗauki waƙa mai bugu 120 a minti ɗaya. Tsakanin bugu da bugu milisakan 500 ne. Idan an raba bugun gida huɗu, kamar yadda ake yi a wuraren da waƙa ta yi zafi, kowane gida 125 ne. Jinkirin 200 ya haura gida ɗaya ya kusa cinye na biyu. A wasan kiɗan osu! kuma, idan taswirar waƙa (tsarin alamomin da ake bi) tana kan matakin tsanani na 10, tazarar da aka ba ka don samun cikakken maki 300 milisakan 20 ce kawai gaba ko baya. A mataki na 5 ma 50 ce.

Ummi K: Sannunku da hira. Injiniya duk abin da ka faɗa haka ne, amma ka tsorata yaron nan da yawa. Ni da Bluetooth nake buga Project Sekai da Cytus, kuma ina samun abin da nake so. Abba, shiga saitin wasan ka nemi wurin daidaita lokacin sauti. Kusan duk wasan kiɗa na waya yana da shi, Arcaea ma yana da shi. Zai buga maka ƙwas-ƙwas kana taɓawa, ya auna yawan makarar, sai ya sa waƙar ta riga alamomin fitowa da daidai wannan adadin. Abu na biyu, ka kashe ƙarar taɓawa gaba ɗaya. Ita ce take rikita mutum, don ita ba yadda za a yi ta zo da wuri, sai ka taɓa sannan a aiko ta.

Injiniya Sadiq: Hajiya Ummi ban ƙi taki ba, dabara ce mai aiki. Inda na tsaya shi ne jinkirin Bluetooth ba ya zama wuri ɗaya. Ka auna yau ka samu adadi kaza, gobe ka cire iyafis daga akwatinsa ka sake haɗawa, ya matsa kaɗan. Wanda yake buga matsakaitan waƙoƙi ba zai lura ba. Wanda yake farautar cikakken maki a waƙa mai wuya zai lura.

Ummi K: Sai ya sake aunawa, minti ɗaya ne. Ba kowa ne yake neman shiga jerin gwanayen duniya ba, Injiniya. Ni a cikin a-daidaita-sahu nake bugawa, ko ina jiran layi. Iyafis mai igiya ya sha maƙalewa a mayafina ya fizge min wayar daga hannu. Tsakanin in rasa maki kaɗan da in fasa allo na san wanda na zaɓa.

Injiniya Sadiq: Wannan hujja ce, na karɓa. Amma akwai wasannin da dabarar ba ta aiki a kansu sam. Beatmania na kamfanin Konami, wanda ya fito a Japan a 1997, kowane maɓalli da ka danna shi ne yake fitar da wani yanki na waƙar. Idan ba ka danna ba, wannan sautin babu shi. To a nan me za ka kashe? Kai ne makaɗin.

Ummi K: Wa yake buga Beatmania a Rijiyar Zaki? 😂

Kawu Bala Mai Gem: Yaran nan kun tuna min da baya. Wannan rigima ta makarar sauti ta girmi iyafis ɗinku. Lokacin PS2 na taɓa samun jitar roba ta Guitar Hero a cikin kayan gwanjo, mai maɓallai biyar masu launi, na kawo shago. Wasan ya fito a 2005. A tsohuwar talabijin mai ƙeya ba wanda ya taɓa kuka da shi. Da muka sauya zuwa masu faɗi na bango, sai yaran da suka iya suka fara faɗuwa, suna cewa jitar ta lalace. Ashe sabuwar talabijin ce take tsayawa gyara hoto kafin ta nuna. Shi ya sa tun daga Guitar Hero II na 2006 suka sa wurin auna jinkiri a cikin wasan. Har gobe duk talabijin da na kafa a shago, abin da nake fara yi shi ne in nemo saitin wasa in kunna. Masu ƙwallo ma suna amfana, ko da ba su san dalili ba.

Nura FC: Kawu ashe shi ya sa a gidan wani abokina nake jin 'yan wasana sun yi nauyi?

Kawu Bala Mai Gem: Yana iya zama shi, yana iya zama kai ne ba ka iya ba, ɗana.

Abba Rijiyar Zaki: 😂😂 Kawu Allah ya ƙara girma. Jitar tana nan?

Kawu Bala Mai Gem: Ina fa. Madannin tsakiya ya karye, ba mai gyara. Kuma gaskiya ba ta kawo kuɗi ba. Yaro ya biya kuɗin wasa ɗaya yana son ya doke abokinsa a ƙwallo ko a dambe, a yi ihu. Waƙoƙin jitar nan na Turawa ne, ba wanda ya san su, sai 'yan kaɗan suka riƙe ta. Su ma can da suka cika kasuwa da ita, kamfanin Activision ya dakatar da jerin a 2011, ya sake gwadawa a 2015.

Musa Damagaram: Salamu alaikum, ina yi muku fatan alheri daga Zinder. Tambayata ta kusa da ta Abba. Ina da kaske (babban abin sauraro na sawa a ka) na Bluetooth mai kyau, na yi ta ƙoƙarin haɗa shi da PS5 ya ƙi. Na'urar tana ganinsa amma ba ta karɓa. Akwai wani saiti ne?

Injiniya Sadiq: Wa alaikumus salam Malam Musa. Babu saitin da zai yi. PS5 ba ta karɓar sautin Bluetooth na gama-gari, Xbox ma haka. Nintendo Switch da ta fito a 2017 sai a watan Satumba na 2021 aka buɗe mata wannan, kuma su da kansu sun yi gargaɗin za a iya samun jinkiri. Hanya biyu gare ka. Ko ka sa igiya a ramin da yake ƙasan hannun wasan, idan kasken naka yana da wurin igiya. Ko ka nemi wanda yake zuwa da ɗan dongul nasa na USB (ƙaramar na'urar da ake soka wa PS5 ta aika masa sauti), irin Pulse 3D da Sony ta fitar tare da PS5 a 2020, ko na wasu kamfanonin.

Musa Damagaram: To shi dongul ɗin ba iska ɗaya suke bi da Bluetooth ba?

Injiniya Sadiq: Zango ɗaya ne, 2.4GHz, amma yaren daban. Bluetooth an gina shi ne ya yi magana da kowace irin na'ura, mota, agogo, lasifika, kuma ya yi tsimin batir. Dongul kuwa abokin magana ɗaya gare shi, an yi su tare, saboda haka ba sai an tara sauti da yawa a ajiye ba. Jinkirinsa yakan sauko ƙasa da milisakan 40, yawancin mutane ba sa ji. Akwai masu bakin USB-C da suke shiga waya kai tsaye, Abba wannan ya shafe ka. Abu ɗaya: idan a kwamfuta ne, kada ka manna shi kusa da filashi ko hadis ɗin ajiye fayiloli da yake aiki a ramin USB 3.0, suna yi wa zangon nan hayaniya. MiFi ma ka ɗan nisanta shi. Idan ka ji sauti yana tsinkewa, sa 'yar igiyar ƙari ka fito da dongul ɗin fili.

Abba Rijiyar Zaki: Injiniya a jikin kwalin nawa an rubuta yana da yanayin wasa, wai a taɓa kunnen dama sau uku. Wannan fa?

Injiniya Sadiq: Kunna shi, yana rage wa. Abin da yake yi shi ne ya rage yawan abin da ake tarawa, shi ya sa idan ka sa wayar a aljihun baya ko ka shiga kasuwa za ka ji yana ɗan tsinkewa. Amma lambar da suke bugawa a kwali ta iyafis ɗin ce kaɗai, ba a haɗa da lokacin da wayar take ci kafin ta aika ba. Akwai kuma aptX Low Latency mai kusan milisakan 40, sai dai dole waya da iyafis duka su iya shi, kuma wayoyin da suke da shi ba su da yawa. Sabon tsarin LE Audio da aka sanar a 2020 shi ma ya fi tsohon sauri, shi ma sai ɓangarorin biyu sun dace.

Nura FC: Tsaya tukuna. Wato a Call of Duty na waya, takun abokin gaba da nake ji a iyafis, ya riga ya iso kenan kafin in ji?

Ummi K: Yanzu kuma abin ya zama wani abu ko? Ɗazu ƙiftawar ido ce.

Nura FC: Hajiya a yi haƙuri, rai ne a ciki yanzu.

Injiniya Sadiq: Eh Nura, ya riga ka da wannan tazarar. Kuma akwai ta biyu: da zarar ka kunna makirfon iyafis don magana da 'yan tawaga, Bluetooth yana komawa tsarin kiran waya. Sautin ya zama siriri, kunnen hagu da na dama su zama abu ɗaya, ba za ka gane ta ina ake tahowa ba. Mutane da yawa suna zargin sabis, alhali wannan ne.

Nura FC: Wallahi na sha zagin sabis a banza.

Malam Habu Admin: Tunda ana maganar abin sawa a kunne, in sa baki kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da kunnen babba zai ɗauka lafiya shi ne ƙarar desibel 80 na awa 40 a mako, kuma da an ƙara ƙarfi lokacin yana raguwa sosai. Masu buga wasa kusa da janareta su ne abin ji, don sai sun ƙure sauti kafin su ji. Sannan masu rufe kunne ruf, a riƙa duba agogo. Ranar nan a shagon Kawu an kira magariba an idar, wani yaro yana ta kaɗa kai bai sani ba.

Kawu Bala Mai Gem: Yanzu kashe soket nake yi kawai, kowa ya ji.

Ɗan Makaɗa: Ni tun ɗazu ina karatu ne ina jin wani abu daban. Gidanmu gidan kalangu ne, da shi na tashi. Na ga bidiyon wani wasan Japan da ake dukan ganga da sanduna biyu, mutane sun yi layi suna jira. Su sun mai da gangarsu ta gargajiya wasa, duniya tana bugawa. Mu me ya hana?

Ummi K: Taiko no Tatsujin kenan, na Namco, tun 2001. Na buga shi a gidajen wasa lokacin ina karatu a Malesiya. Sauƙinsa ne ya sa ya karɓu: alama ja ka daki tsakiyar ganga, shuɗiya ka daki baki. Shi kenan. Yaro ɗan shekara biyar zai fara, amma manyan waƙoƙinsa sai ka ga hannun mutum ya ɓace don sauri. Kuma ka lura, a can ba mai sa komai a kunne, lasifika ce a gabanka da ganga a hannunka.

Kawu Bala Mai Gem: Akwai Patapon ma a PSP, na 2007. Da ganga huɗu kake ba wa rundunarka umarni, wannan kiɗan su yi gaba, wancan su kai hari. Da na gan shi tamburan sarki na tuna.

Ɗan Makaɗa: To ai kalangu ya fi wannan magana. Ba duka kaɗai ba ne. Kana matse tsarkiyar a hammata murya ta hau, ka saki ta sauka, da haka yake kiran sunan mutum ya yi masa kirari. Duk wanda ya tashi kusa da mahauta ko filin dambe ya san take idan ya ji. Ja da shuɗi ba za su ɗauke shi ba.

Injiniya Sadiq: Za su ɗauka idan aka ƙara abu ɗaya. Maɓallan baya na hannun PS, L2 da R2, suna gane iya matsawar da ka yi, ba danna-saki kawai ba. Hannun dama ya yi duka, yatsan hagu ya yi aikin hammata. Amma ka ga wannan irin Beatmania ne, kai kake fitar da sautin, saboda haka Bluetooth ya fita daga maganar tun kafin a fara.

Ummi K: Injiniya sai da ka dawo da mu nan 😂 Amma ba sai an jira wani ya gina sabon wasa ba. osu! kyauta ne, Dean Herbert ɗan Ostareliya ya fara shi a 2007, kuma 'yan wasa ne da kansu suke tsara taswirar waƙoƙi. Yana da ɓangaren ganga irin na Taiko. Ko a tsohuwar laftof yana tashi. Za a iya ɗaukar kiɗan kalangu a tsara shi a ciki, ko da murya biyu ce kawai, sama da ƙasa.

Abba Rijiyar Zaki: Ni da waƙoƙin fim za a fara, wallahi da na buga.

Injiniya Sadiq: Su ne ma masu sauƙi, don a kwamfuta ake haɗa kiɗansu, saurin bugun ba ya motsi daga farko har ƙarshe. Ka gano adadinsa sau ɗaya ka gama. Sai dai waƙar wani ce, idan za a yaɗa a nemi izininsa. Kiɗan hannu shi ne aiki. Makaɗi yana ƙara wuta idan fili ya ɗauka, ya lafa idan mawaƙi zai yi magana, dole mai tsarawa ya riƙa sa sabon ma'aunin lokaci kowane 'yan bugu. Kuma yawancin kiɗanmu a uku-uku yake tafiya, ba huɗu-huɗu ba. Editan osu! yana da rabon 1/3 da 1/6, da su za a yi aiki. Wanda ya bar shi a 1/4 zai ga alamomi suna faɗawa gefen bugu.

Musa Damagaram: Idan kun yi, ku sa da kiɗan kokawa. A nan idan ana gasar takobi gari duka shi yake ji.

Ɗan Makaɗa: Akwai biki ranar Asabar, Baba zai yi wasa. Sai in ɗauko da waya.

Injiniya Sadiq: Na biki ba zai yi ba, guɗa da maroƙa da lasifikar DJ za su rufe bugun, ba za mu ga inda ya faɗa ba. A samu ɗaki shiru. Da zai yarda a sa masa ƙwas-ƙwas na awo a kunne ya bi, da aikin ya zo da sauƙi ƙwarai.

Ɗan Makaɗa: Baba? Ya bi na'ura? Injiniya ba ka san shi ba. Cewa zai yi ita ta bi shi.

Injiniya Sadiq: To a bar shi ya yi yadda ya saba, ni zan zauna in bi shi bugu-bugu. Minti biyu ya isa a fara, take ɗaya, kalangu ɗaya ba 'yan amshi. Ka ajiye wayar kamar taku biyu daga gare shi, kada ka riƙe a hannu. Kuma ka turo min shi a matsayin fayil, kada ka yi saƙon murya, yana matse sautin.

Ummi K: Ni zan gwada bugawa idan an gama. Da Bluetooth.

Injiniya Sadiq: Hajiya ki dai kashe ƙarar taɓawa.

Ɗan Makaɗa: Zan tambaye shi da daddare in ya dawo. In ya yarda, wane take kuke so, na mahauta ko na 'yan dambe?

Kawu Bala Mai Gem: Na dambe. In ya yi kyau zan sa laftof ɗaya a shago a gani ko yara za su taɓa.